Hannun Gwaggo Barakatu

A gidan Mainasara mai kifi, can gangaren Yelwa da ke fuskantar gulbi, tasa ɗaya ake wanke hannu a ciki. Da an sauke tuwo, Sa'adatu matar maigida za ta cika ta da ruwan randa ta aika zaure. Mainasara ne ke fara tsoma hannu, sai ƙanensa Surajo, sai masu yi masa dakon kifi daga bakin ruwa, yatsunsu duk ƙarni. Daga nan tasar ta shigo cikin gida, mata su tsoma, yara su jagwalgwala. Kafin ta kai kan na ƙarshe ruwan ya koma kalar toka, maiƙo na yawo a kansa. Ba a zubarwa sai an cinye tuwo an sake wanke hannu a ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta tsomawa, Gwaggo Barakatu, ƙanwar mahaifin Mainasara, wadda ta dawo gidan tun da mijinta ya rasu a Ngaski bai bar ta da ɗa ko ɗaya ba. Albaras ya ci hannuwanta biyu har wuyan hannu, fari tas kamar an tsoma su a ƙullu. Tun tana budurwa ta san yadda ido ke bin hannun nan duk sanda ta miƙa shi cikin kwanon jama'a. Shi ya sa ta saba zagawa bayan ɗaki da butarta da guntun sabulun salo, ta cuɗa har tsakanin yatsu, don kada wani ya ce ya ga ƙazanta a jikinta. Ba wani ne ya koya mata ba, kunya ce ta koya mata.

Damina ta yi nisa a shekarar. Gulbi ya yi toroko, ruwa ya hauro unguwa ya kwanta a lunguna, masai na gidaje da dama ya cika ya tumbatsa. A cikin haka ne Larai, autar Sa'adatu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta tashi da gudawa.

Da yamma tana zaune a cinyar Barakatu, inda ta saba zama, tsohuwar na gutsuro tuwo kaɗan-kaɗan tana lallashinta ta ci. Sa'adatu ta fito daga ɗaki, ta tsaya tana kallon farin hannun yana zuwa bakin yarinyar. Sai ta sunkuya ta fizge ta.

"Ba ni ɗiyata, Gwaggo."

"Lomar ƙarshe ce, bari ta haɗiye."

"Ta isa haka. Tun safe abin ke cin raina. Yara nawa ne a gidan ga? Don mi sai wadda ke ci a hannunki ce ta kwanta?"

Barakatu ta dubi yatsunta, tuwo na manne a jiki. Ta ce, "Sa'adatu, da hannun ga na ciyar da mijinki lokacin da anka yaye shi."

"Wancan lokaci daban. An ce ciwon yana ƙara ƙarfi in mutum ya tsufa."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Sa'adatu ta kai yarinyar bakin rariya ta yi mata tsarki, ta goge hannu a gefen zaninta, ta koma ta ci gaba da dama furar da za a kai zaure.

Gari na wayewa Larai ta haɗa da amai, idonta ya faɗa. Aka garzaya da ita asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Da hantsi Mainasara ya zo ƙofar ɗakin Barakatu. Bai shiga ba kamar yadda ya saba, daga waje ya tsuguna yana wasa da makullin babur.

"Gwaggo, kin san ba ni da uwa a duniya yanzu sai ke."

Ta san maganar da aka fara da irin wannan ba ta ƙarewa da alheri.

"Na sa an gyara miki ɗakin baya, na kusa da murhun banda. Ya fi iska. Ki ɗan zauna can har yarinya ta samu sauƙi."

"Ɗakin itace?"

"An kwashe itacen. Ba korarki anka yi ba, Gwaggo, kada ki ɗauka haka. Hankalin mata nake so ya kwanta. Kin san halin mata."

"Ni ba mace ba ce?"

Ya yi 'yar dariya, idonsa a ƙasa. "Ke uwa ce. Uwa ita aka sani da haƙuri." Ya miƙe ya karkaɗe wando, sannan ya ƙara da cewa, "Bandar ma ki huta da ita. Masu saye daga kudu in sunka ji wata magana, ko kwali ɗaya ba za su ɗauka ba."

Ita ce ke yin bandar gidan. Ita ta san yadda ake naɗe tarwaɗa a soke ta, da irin itacen da ke ba kifi ja ba tare da ɗaci ba. A ranar aka ba wata maƙwabciya aikin.

Barakatu ce ta kwashe kayanta da kanta, don ba wanda ya yarda ya taɓa: tabarma, buta, ƙullin tufafi, da carbi. Ɗakin ba shi da taga. Bango ya sha hayaƙi ya yi baƙi, ƙasa na da danshi, ƙofar kuma ta tsohon kwano ce mai tsaga a tsakiya. Sa'adatu ta aiko da dokoki ta bakin Yasira, matar Surajo, wata yarinya mai sanyin hali da jariri a goye. Kada Gwaggo ta taɓa randa. Kada ta taɓa guga, ko turmi, ko igiyar shanya. An ware mata tulu, an ɗiga wa kwanonta jan fenti don kada ya ɓace cikin na mutane. Abinci kuwa za a riƙa ajiye mata a kan wani faffaɗan dutse da ke bakin ƙofa, in ta cinye ta wanke kwanon ta mayar kan dutsen.

Yasira ta faɗi saƙon tana kallon ƙafarta. Da ta gama ta ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo, aiko ni anka yi."

"Na sani, ɗiyata. Tafi, kada a ce kin daɗe."

Daga ɗakin baya ana jin komai na gidan, ba a ganin komai. Barakatu takan zauna ta jingina da bango ta saurara. Ta san dakan Sa'adatu, mai gaggawa, ta san na Yasira, mai tsayawa a huta. Tana jin rediyon Surajo, da rigimar yara a kan ƙanzo, da kukan injin jirgin ruwa in ya taso daga tsallake. Da safe takan ce "kun tashi lafiya" da ƙarfi, wani lokaci a amsa daga nesa, wani lokaci ƙarar turmi ta haɗiye gaisuwar. Hannun da ya saba da aiki tun asuba ya rasa abin yi. Ta kwance ƙullin tufafinta ta sake ninkewa. Ta share ɗakin da ba abin da ya ɓata shi. Wata kaza mai ɗingishi ta saba zuwa tsintar abin da ya zuba a gindin dutse, Barakatu ta riƙa rage mata tuwo da gangan, tana yi mata hira kamar mutum.

Allah ya ba Larai sauƙi aka dawo da ita gida, ta rame sai kai. Ana sauke ta daga goyo ta nufi tsohon ɗakin Gwaggo, ta tarar an rufe. Ta bi gida tana kira har ta gano hanyar baya. Barakatu ta ji ƙaramar muryar na matsowa, ta miƙe da rawar jiki ta buɗe ƙofa. Saura kaɗan yarinyar ta faɗa jikinta Sa'adatu ta cafko ta ta baya, ta tsinka mata mari a cinya, ta ƙara.

"Ban hana ki ba? So kike ki mutu?"

"Kada ki doke ta, ni na buɗe ƙofa," in ji Barakatu.

"To ki daina buɗewa."

Tun daga ranar, in ta ji takun yarinyar sai ta ja ƙofa ta laɓe a baya ta yi tsit. Larai za ta tsaya ta kira, ta buga kwanon ƙofar da ɗan tafinta, ta gaji ta koma. Barakatu na jin komai, ta cusa gefen mayafi a baki.

Cutar ba ta bar gidan ba. Biyu daga cikin masu dakon kifi suka kwanta. Sai Surajo, wanda aka ɗauko daga kasuwa ba ya iya tsayuwa. Sai babban ɗan Sa'adatu. Barakatu ta yi musu addu'a, amma a can ƙasan zuciyarta ta ce, yanzu dai za su gane ba ni ba ce, tunda rabona da madafa an kwana biyu. Ba haka aka gane ba. Sa'adatu ta ce ai sawun hannu ba ya fita daga jikin kaya. Aka fasa tukunyar ƙasar da Barakatu ke dafa miya a ciki, aka jefa muciyarta a wuta, aka ƙone faifan da ta saƙa da hannunta. Ta ji fashewar tukunyar daga inda take zaune, ta gane ta da ƙara.

Magana ta fita unguwa. Wata safiya tulunta ya ƙare, ba wanda ya tuna, sai ta ɗauka ta fita ta ƙofar baya zuwa famfon unguwa. Matan da ke layi, waɗanda ta yi wa wankan jego da yawansu, suka janye bokitansu gefe. Ba wadda ta zage ta. Sun dai buɗe mata fili, fili mai faɗi, suka jira ta gama. Tana juya baya ta ji ana watsa ruwa a hannun famfon. Da Mainasara ya ji, ya aiko cewa ta daina fita, mutuncinta yake karewa, za a riƙa kawo mata ruwa. Wata rana a kawo, wata rana a manta.

Mutum in ya daɗe shi kaɗai da magana ɗaya, sai ta fara zama gaskiya a kunnensa. Barakatu ta fara duban hannuwanta kamar na wata. Ta tuna 'ya'yanta biyu da suka rasu tun suna goye, ta ce ko su ma ni ce? Ta yayyaga wani tsohon zani ta naɗe hannayen har yatsu, ba ta kwancewa sai za ta yi alwala. In ta idar da salla ta ɗaga su sama, sai ta ce, "Ya Allah, in ni ce, ka ɗauke ni ka bar musu yaransu."

Ana haka ma'aikatan lafiya suka shigo unguwar, suna bi gida-gida saboda amai da gudawa. Sa'adatu na jin lasifikarsu a bakin layi ta zo da sauri ɗakin baya.

"Gwaggo, ki yi shiru, ko tari kada ki yi. In sunka gan ki tafiya za su yi da ke su killace, gida ya shiga bakin duniya."

Ta ja ƙofar, ta zura ƙusa a marufin daga waje.

Ta tsagar ƙofa Barakatu na hango gefen tsakar gida. Ta ga wata mata mai farar riga da jaka a kafaɗa, ta ji ta ce sunanta Rachel, daga Shanga aka turo su taimako. Hausarta na da ɗan karin mutanen tsibiri. Ta leƙa randa, ta leƙa masai, sannan ta tambaya a ina ake wanke hannu. Aka nuna mata tasar, da sauran ruwan safe a ciki.

"Ku duka a nan?"

"Mu duka," in ji Sa'adatu.

Rachel ta girgiza kai. "Inna, wannan ba wanke hannu ba ne, rabon cuta ne. Abin da ke hannun na farko, na ƙarshe ne zai ci shi." Ta ɗauki buta ta nuna musu: wani ya zuba, wani ya cuɗa da sabulu, ruwan ya tafi ƙasa. In babu sabulu, toka ta isa. Bayan an fito masai, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin a taɓa abinci. Ta ce moɗar da kowa ke tsomawa a randa ma a canza ta da mai dogon hannu. Matan na ta cewa "to, to."

Sai Yasira ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, albaras fa? Yana kawo wannan ciwon?"

"Albaras?" Rachel ta yi murmushi. "Ko kusa. Launin fata ne kawai ya canza. Ba ya yaɗuwa, ko shekara nawa kuka yi kuna ci kwano ɗaya. Akwai mai shi a gidan nan?"

Matan suka dubi Sa'adatu.

"Babu," in ji Sa'adatu. "Tambaya dai take yi."

Rachel ta waiwaya ta hango ƙofar baya. "Wancan ɗakin fa?"

"Itace ne a ciki."

Barakatu na tsaye, naɗaɗɗen hannunta a jikin kwanon ƙofar. Bugu ɗaya ya isa. Ta tuna wanta, mahaifin Mainasara, da yadda ya gina gidan nan da jar ƙasar da suka ɗebo tare. Ta tuna sunan Mainasara a kasuwa, da yadda za a ce an samu tsohuwa a kulle a gidansa. Ta sauke hannun a hankali. Ta ji Rachel ta ajiye sabulu sanda biyu, ta yi sallama, takunta ya yi nisa.

Ta zauna a ƙasa ta kwance tsumman ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallon hannuwan. Tun da aka kawo ta ɗakin ba ta yi kuka ba sai ranar.

Sabulun kuwa Sa'adatu ta jefa shi a akwati, ta ce ya yi kyau da wankin fararen kayan maigida. Da yamma tasa ta fita zaure kamar kullum. Surajo, wanda bai gama warwarewa ba, ya ce, "Yaya, an ce fa a daina wannan."

Mainasara ya tsoma hannu ya yarfe. "In kowa ya koma gefe da butarsa, ina zumuncin? A haka munka tashi, a haka iyayenmu sunka tsufa. Su ma'aikatan ga dole su faɗi wani abu, aikinsu ke nan."

Da safe ya zagayo duba banda. Barakatu ta kira shi da sunansa, ya tsaya daga gefen murhu.

"Na ji abin da ɗiyar asibiti ta ce."

"Ni ma an faɗa min."

"To?"

Ya juya wani kifi a kan wayar murhu, ya sake juya shi. "Gwaggo, ko ba ke ba ce, magana ta riga ta fita. In na mai da ke cikin gida yau, mi za a ce? Cewa za a yi Mainasara ya wulaƙanta ƙanwar ubansa a banza. Bari magana ta mutu tukuna, sai ki koma ba tare da kowa ya lura ba. Ita ma Sa'adatu kunya za ta ji, ga ta ta sha jinya."

"Ita kunya za ta ji. Ni mi nake ji?"

"Haba Gwaggo. Ba a kawo miki abinci? Ba ki da wurin kwana? Mi anka hana ki?"

"Mutane," in ji ta.

Ya dubi agogon wayarsa. Ya ce jirgin ruwa mai zuwa Wara zai tashi, akwai kifin da zai ɗauko, in ya dawo za su zauna su yi magana a tsanake.

A ranar fura aka ajiye mata a kan dutse, damun Sa'adatu. Ta sha, don ba ta da wani abin. Washegari kafin rana ta take, cikinta ya fara murɗawa. Ta je masai ta dawo, ta koma, a na gaba ba ta kai ba. Abin na zuba kamar ruwan wankin shinkafa. Amai ya biyo baya. Ƙafafunta suka riƙa ɗaurewa, harshe ya bushe ya manne. Ta jawo tulu ta karkata shi, babu ko ɗigo, an manta tun jiya.

Ta yi kira. Muryar ba ta fita sosai, ta riƙa buga kwanonta a ƙasa har Yasira ta ji. Yarinyar ta leƙo, ta ga halin da ake ciki, ta ruga wurin Sa'adatu.

"Yaya, Gwaggo ta kamu. A kai ta asibiti."

"Ciwonta ne ya shige ciki," in ji Sa'adatu, tana tankaɗe. "Dama ana faɗi."

"Ba shi ba ne, irin na Larai ne. Kin ji abin da malamar ta ce."

"Maigida ba ya nan. Wa ya ba mu izinin fitar da ita? Kuma in munka kai ta, mi za mu ce musu? Shekaranjiya munka ce babu kowa a ɗakin."

Surajo ya fita kasuwa, Yasira ta kira shi, ya ce shi ƙane ne, a kira Yaya. Aka samu Mainasara da ƙyar, hayaniyar kasuwa na cika wayar. Ya ce a ba ta jiƙo, tsofaffi sun saba da irin wannan, gobe da wuri yana tafe.

Yasira ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kofi, kamar yadda aka koya musu a asibiti lokacin jinyar mijinta. Ta nufi baya. Sa'adatu ta bi ta da murya.

"In kin shiga ɗakin nan, sai dai ki zauna can tare da ita. Kada ki fito ki taɓa min komai. Kuma ki tuna kina shayarwa."

Yasira ta san gaskiya, da kunnenta ta ji. Amma ta ga abin da ake yi wa wanda aka nuna da yatsa a gidan. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ajiye kofin a kan dutse.

"Gwaggo, ga shi nan. Miƙo hannu."

Barakatu na kwance a ƙasa, ta sauka daga tabarma. Ta ja jiki, ta miƙa hannu iyakar ƙarfinta. Saura kamar taƙi ɗaya.

"Matso min da shi, ɗiyata."

Yasira ta waiwaya. Sa'adatu na tsaye a kusurwar bango tana kallo, rariya a hannu. Yarinyar ta sunkuya ta ɗauki wani guntun itace, ta tura kofin da shi. Gindin kofin ya ci karo da dokin ƙofa, ya kife. Ƙasa ta shanye ruwan nan take.

"Bari in sake haɗo wani," in ji Yasira. Ta juya da gudu.

Ba ta kai ga sukari ba jaririnta ya tsala kuka. Tana ba shi nono hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Sa'adatu ta hau kiran a kwashe shanya, a rufe banda da leda kada kifin maigida ya jiƙe. Kowa ya shiga gudu. An zo har gindin murhu, taku kaɗan daga ƙofar Barakatu, an ja leda an danne da duwatsu, an koma. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe.

Sai bayan la'asar ya tsagaita. Yasira ta fito da kofi na biyu, wannan karon ba ta dubi kowa ba. Ta tarar Barakatu ta jawo kanta har dokin ƙofa, kanta a kan dutsen, hannu ɗaya a waje, tafin a buɗe a ƙarƙashin indararo. Ruwa ya taru a tafin. Ba ta samu kai shi baki ba.

Da yake cutar ce ta kashe ta, sai da aka sanar da ma'aikatan lafiya kafin a yi mata sutura. Rachel ce ta zo da wasu mutum biyu da abin feshi. Ta sa safar hannu ta shiga ɗakin, ta durƙusa, ta ɗaga hannun mamaciyar ta duba, ta kwantar da shi a hankali a kan ƙirjinta. Da ta fito ta tsaya a gaban Sa'adatu.

"Itace kika ce min."

Sa'adatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta fashe da kuka, mata suka taru suna ba ta haƙuri.

Mainasara ya iso ana shirin ɗaukar gawa. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, idonsa ja. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ta daɗe tana fama. Mun yi iya yinmu, kwana ne ya ƙare." Dattawan unguwa suka ce Allah ya saka masa da alheri, ba kowa ne ke riƙe gwaggonsa har ƙarshe ba a wannan zamani. Ya ce amin.

Ba wanda ya ɗaga wa Barakatu hannu da niyyar duka a gidan nan, ba wanda ya hana ta tuwo. Kowa yana da dalilinsa, kuma in ka zauna da shi zai faɗa maka har ka kusa yarda. Ɗaya tana tsoron rasa 'yarta, ɗaya yana tsoron bakin kasuwa, ɗaya ƙane ne, ɗaya aiko ta aka yi. Sabulu bai fi ƙarfinsu ba, toka kuwa kullum sai an kwashe ta an zubar. Abin da ya gagare su shi ne kowa ya dubi nasa hannun. Duban na wani ya fi sauƙi, musamman in na tsohuwa ne wadda ba ta da ɗan da zai tsaya mata.

Bayan addu'ar uku aka yi waya cewa motar kudu na tafe, ga kifi ya taru babu wurin ajiya. Mainasara ya zagaya baya ya tura ƙofar ɗakin. Ya shiga har tsakiya, ya dubi bango, ya dubi rufi, ya ce wurin ba ya yoyo, kuma ga shi kusa da murhu. Sa'adatu ce ta share shi da kanta. Masu dako suka yi ta shigar da kwalayen banda suna jerawa har suka kusa taɓa rufi. Ƙofar da taku ɗaya ya gagari kowa ranar da Barakatu ke roƙon ruwa, a wannan yammacin an shige ta an fita har ba a san iyaka ba.